Ƙarar likitoci ce ta sa jinya tsada a Amurka?

Tambaya: Na sha jin 'yan siyasar Amurka suna muhawara kan tsadar jinya. Wani ɓangare ya ce lauyoyin da ke maka likitoci a kotu ne suka jawo tsadar, ɗaya ɓangaren kuma ya ce abin da ƙararrakin ke ci bai taka kara ya karya ba. Wa ke da gaskiya? Kuma ta yaya mutum biyu za su kawo alƙaluma masu nisa haka da juna ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba?

Amsa: Malam, tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farko, saboda haka da ita zan fara, kuma zan ɗauko misali daga wani dare da aka yi wannan jayayya a gaban miliyoyin masu kallon talabijin.

Ranar 8 ga Oktoba, 2004, a birnin St. Louis, aka yi muhawara ta biyu tsakanin Shugaba George W. Bush da Sanata John Kerry, irin wadda masu zaɓe ke zaune a zaure suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna tambaya da bakinsu. Wata mata ta miƙe ta tambayi Kerry yadda zai ce tsadar jinya ta dame shi, alhali ya ɗauko John Edwards a matsayin mataimaki, lauyan da ya tara miliyoyin daloli ta hanyar ƙarar ma'aikatan lafiya. Kerry ya amsa cewa matsalar tana nan, musamman ga likitocin mata da masu tiyatar ƙwaƙwalwa, amma ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya ba. Bush ya mayar masa da martani cewa wannan rashin fahimta ne, domin likitoci suna yin gwaje-gwajen kare kai saboda tsoron ƙararrakin banza, kuma hakan yana cin gwamnati dala biliyan 28 a kowace shekara.

Kowannensu ya zo kasuwa da mudunsa ne. Kerry ya auna kuɗin da ke fita kai tsaye, wato abin da likitoci da asibitoci ke biya na inshorar ƙara da diyyar da ake ba waɗanda aka cutar, sannan ya faɗe shi a kaso domin ya yi ƙanƙanta a kunne. Ko a nan ma ya ɗan matse mudun, domin Ofishin Kasafi na Majalisar Dokokin Amurka ya ƙiyasta wannan kuɗi a kan dala biliyan 24 a 2002, abin da ya haura kashi 1 ko da yake bai kai 2 ba. Shi kuwa Bush ya auna abin da ba ya fitowa a rasit, wato tsoro, ya kuma faɗe shi da biliyoyi domin ya cika kunne. A ƙasar da ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.5 kan lafiya a 2022, kashi 1 kacal dala biliyan 45 ne, don haka duk abin da ɗan siyasa yake so ya raina sai ya faɗe shi a kaso, wanda yake so ya kambama kuma sai ya faɗe shi da daloli. Wannan ita ce dabarar da ta fi yawa a wannan muhawara, kuma ɓangarorin biyu duk sun iya ta.

Adadin da Bush ya kawo yana da asali. A 1996 wasu masana biyu, Daniel Kessler da Mark McClellan, sun yi nazari kan tsofaffi masu ciwon zuciya da ke ƙarƙashin shirin Medicare, wato inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke yi wa tsofaffi, suka gano cewa a jihohin da suka taƙaita diyya kuɗin asibitin waɗannan majinyata ya ragu da kashi 5 zuwa 9 cikin 100 ba tare da an ga lafiyarsu ta taɓu ba. Bincike ne na gaskiya. Abin da aka yi da shi daga baya shi ne abin dubawa: ma'aikatar lafiya ta gwamnatin Bush ta ɗauki wannan kaso da aka samo daga masu ciwon zuciya ta shimfiɗa shi kan dukan majinyatan ƙasar, daga mai karaya har mai naƙuda, sai ga adadi na gomman biliyoyi ya fito. Shi kansa McClellan ya riƙe manyan muƙaman lafiya a wannan gwamnati. Da Ofishin Kasafi ya gwada hanyar a kan cututtuka masu yawa a 2004, bai ga irin wannan ragi ba. Duk da haka adadin ya ci gaba da yawo a bakin 'yan siyasa shekara da shekaru, domin idan adadi ya riga ya shiga jawabi ba a ƙara tambayar daga inda ya fito.

To, nawa ne a haƙiƙa? Ƙiyasin da aka fi jingina da shi shi ne na Michelle Mello da abokan aikinta, wanda aka buga a 2010. Sun haɗa diyya da kuɗin lauyoyi da na kamfanonin inshora da kuma jinyar kare kai, suka samu dala biliyan 55.6 a shekara bisa darajar kuɗin 2008, wato kashi 2.4 cikin 100 na kuɗin lafiyar ƙasar. Kusan biliyan 46 daga ciki na jinyar kare kai ne, kuma su da kansu sun ce wannan ɓangare ne ya fi wuyar aunawa. Sai dai abin da tsarin ke ci daban, abin da gyaran doka zai iya cetowa daban, kuma a nan ma masu muhawara sukan haɗa biyun su zama ɗaya. A Oktoban 2009, lokacin da ake tsakiyar rigimar dokar lafiya ta Obama, Ofishin Kasafi ya rubuta wa Sanata Orrin Hatch cewa idan aka kafa dukan gyare-gyaren da ake nema a faɗin ƙasa, har da ƙayyade diyya, kuɗin lafiya zai ragu da kimanin rabin kashi 1 cikin 100, kuma giɓin kasafin tarayya zai ragu da dala biliyan 54 a shekara goma. Nan take 'yan Rifablikan suka riƙe biliyan 54, 'yan Dimokrat kuma suka riƙe rabin kaso, alhali takarda ɗaya ce a hannunsu. A shekarun da kuɗin lafiya ke ƙaruwa da kashi 4 zuwa 5 a shekara, rabin kaso ragi ne da hauhawar wata biyu za ta haɗiye.

Ba sai mun tsaya ga ƙiyasi ba, domin an yi gwajin a aikace. A 2003 jihar Teksas, a zamanin Gwamna Rick Perry, ta ƙayyade diyyar raɗaɗi da wahala da za a iya karɓa daga likitoci a kan dala 250,000, har aka gyara tsarin mulkin jihar ta hanyar ƙuri'ar jama'a don kada kotu ta rushe dokar. Ƙararraki sun ragu ƙwarai, kuɗin inshorar likitoci ma ya sauka, kuma wannan nasara ce da babu mai musunta. Abin da bai sauka ba shi ne kuɗin jinya. Bernard Black da David Hyman da Charles Silver da abokan aikinsu sun bi sawun abin da Medicare ke kashewa a jihar bayan gyaran, ba su ga ya ragu ba.

Labarin garin McAllen, kusa da iyakar Meziko, ya fi kowane jadawali nuna wannan. A 2006 Medicare ya kashe kusan dala 15,000 kan kowane mutum da ke cikin shirin a can, kusan ninki biyu na abin da ya kashe a El Paso, gari a jiha ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya, mai jama'a iri ɗaya. Likitan tiyata Atul Gawande ya je garin ya rubuta abin da ya gani a 2009. Ya zauna cin abincin dare da wasu likitocin garin ya tambaye su dalilin tsadar, ɗayansu ya ce tsoron ƙara ne. Da ya tuna musu cewa jiharsu ta ƙayyade diyya tun shekara shida da suka wuce, sai wani ya amsa cewa ƙararrakin kam sun kusa ɓacewa, wani kuma ya fito fili ya ce su daina yaudarar kansu, aiki ne kawai ake yi wa majinyata fiye da kima. Idan ana biyan likita gwargwadon yawan gwaji da tiyatar da ya yi, gwajin da ya rubuta don tsoron lauya da wanda ya rubuta don amfanin aljihunsa kamarsu ɗaya a takarda, kuma idan aka tambaye shi dalili, na farkon ne zai fi masa daɗin faɗa. Saboda haka nake ɗaukar binciken jin ra'ayin likitoci da taka-tsantsan, irin wanda aka yi a jihar Pensilbeniya aka buga a 2005, inda kashi 93 cikin 100 na likitocin fannoni masu haɗari suka ce suna jinyar kare kai. Sun faɗi abin da suke ji, amma jin tsoro ba ya gaya mana dala nawa za a ceto idan aka cire shi.

Kada wannan ya sa ka ɗauka tsoron ƙarya ne. Binciken Anupam Jena da abokansa na 2011 ya nuna cewa a kowace shekara kimanin kashi 7 cikin 100 na likitoci ake kai ƙara, a cikin masu tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa kusan ɗaya cikin biyar, kuma kafin likitan fanni mai haɗari ya kai shekara 65 da wuya a ce ba a taɓa ƙararsa ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙararrakin suna ƙarewa ba a biya ko sisi ba, amma kafin su ƙare likita ya yi shekaru yana ɗauke da abin a ransa. Ka ƙaddara likitar sashen gaggawa da ƙarfe biyun dare, an kawo mata yaro ya faɗo daga gado ya bugi kai, yana magana, yana wasa da mukullin mahaifinsa, duk alamu sun nuna lafiya lau. Iliminta ya ce a sa masa ido na 'yan sa'o'i a sallame shi. Zuciyarta kuma tana tuna mata cewa babu wanda aka taɓa kai wa kotu don ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da ba a buƙata. Abin lura shi ne sauya doka ba ya saurin sauya hannunta. Jihohin Teksas da Jojiya da Karolina ta Kudu sun tsaurara sharaɗin ƙarar likitocin gaggawa, ta yadda sai an tabbatar da mummunan sakaci kafin a yi nasara a kansu, amma wani bincike da aka buga a 2014 ya gano cewa yawan hotunan CT da MRI da ake ɗauka bai ragu ba. Shaidar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ta fito ne daga asibitocin soja. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Feres a 1950 sojan da ke bakin aiki ba ya iya kai gwamnati kotu kan jinyar da aka yi masa a can, amma matarsa da 'ya'yansa suna iyawa, ga shi kuma likitoci ɗaya ne ke duba su. Michael Frakes da Jonathan Gruber sun kwatanta su, suka ga ana kashe kimanin kashi 5 cikin 100 ƙasa a kan wanda ba zai iya ƙara ba, ba tare da lafiyarsa ta fi ta sauran taɓuwa ba. Wannan ragi ne na gaske, amma sai da aka cire haƙƙin ƙara ɗungurungum aka same shi, abin da babu jam'iyyar da ke nema.

Sai kalmar da ta fi kowace aiki a muhawarar, wato ƙarar banza. Mu da muka taso inda iyalai da yawa kan ce kwana ne ya ƙare su ɗauki gawarsu su tafi, muna da saurin yarda cewa Amurkawa kan kai ƙara kan abin da bai kai ya kawo ba. Alƙaluman asibiti ba su nuna haka ba. Masanan Jami'ar Harvard sun duba takardun majinyata kimanin 30,000 na asibitocin jihar Niyok na shekarar 1984, suka samu kusan mutum ɗaya cikin ɗari ya cutu saboda sakaci, kuma a cikin waɗanda aka cutar ɗin waɗanda suka kai ƙara ba su kai 2 cikin 100 ba. A 2006 David Studdert da abokansa sun sa likitoci sun sake duba ƙararraki 1,452 da aka riga aka rufe. Kashi 3 cikin 100 ne kawai babu wani rauni a cikinsu. Kimanin kashi 37 akwai rauni amma babu kuskure, kuma mafi yawan waɗannan ba a biya su komai ba. Mai neman ƙayyade diyya zai ɗauki 37 ya ce ga banzar nan, lauya kuma zai ɗauki 3. Abin da ni ya fi tsaya mini a wannan bincike shi ne wanda dukansu ba sa son ambata: matsakaicin lokaci daga rauni zuwa rufe ƙara shekara biyar ne, kuma a kan kowace dala da aka kashe wajen diyya santi 54 sun tafi ga lauyoyi da ƙwararrun shaidu da kotuna.

Inda alƙaluma suka ƙi ba da haɗin kai, sai a koma ga labari. Wanda ya fi shahara ma ba na asibiti ba ne: matar da ta kai kamfanin McDonald's ƙara kan kofi mai zafi, aka ce ta samu kusan dala miliyan uku. Ba a cika ƙarawa da cewa Stella Liebeck tana da shekara 79 ba, cewa ƙunar ta ci fata har sai da aka yi mata dashe, cewa da farko dala 20,000 ta nema, ko cewa alƙali ya rage diyyar ladabtarwa daga miliyan 2.7 zuwa dala 480,000 kafin su sasanta a asirce. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa makaman. Yakan kawo uwa da ɗanta da ya naƙasa wajen haihuwa gaban kwamitin majalisa, ko ya ambaci rahoton 1999 da ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa a asibitoci kowace shekara saboda kuskure, kuma kusan kullum babban adadin kaɗai ake faɗa. Har suna ma makami ne: a 2006 ƙungiyar lauyoyin masu ƙara ta cire kalmar lauya daga sunanta ta maye gurbinta da adalci.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanonin inshora da ƙungiyoyin likitoci da 'yan kasuwa sun daɗe suna zuba kuɗi a ɓangaren Rifablikan kan wannan batu, lauyoyin masu ƙara kuma suna cikin manyan masu tallafa wa Dimokrat. A Agustan 2009 Howard Dean, tsohon shugaban jam'iyyar Dimokrat, ya faɗa a wani taron jama'a a jihar Bajiniya cewa dalilin da ya sa ba a saka gyaran ƙara a dokar lafiya ba shi ne waɗanda suka rubuta ta ba sa son ƙara lauyoyi a cikin abokan faɗansu. Obama kuwa ya yi amfani da dabarar miƙa kaɗan don a riƙe mai yawa: a watan Yuni na shekarar ya gaya wa ƙungiyar likitoci a Chicago cewa ba ya goyon bayan ƙayyade diyya, wasu suka yi masa ihu, sannan a jawabinsa ga majalisa ranar 9 ga Satumba ya yarda cewa jinyar kare kai tana iya ƙara tsada, ya ba da umarnin a yi gwaje-gwaje a jihohi, aka ware musu dala miliyan 25. Ga 'yan Rifablikan kuma batun ya zama amsar aljihu duk lokacin da aka tambaye su nasu shirin, domin yana da mai laifi da ake iya nunawa da yatsa, kuma ba ya taɓa farashin asibiti ko na magani. A ganina nan ne aka bar jaki ana dukan taiki. Tun 2003 Gerard Anderson da Uwe Reinhardt da abokansu suka nuna cewa Amurkawa ba sa zuwa ganin likita ko kwana a asibiti fiye da mutanen sauran ƙasashe masu arziki, abin da ya bambanta su shi ne farashin da suke biya kan kowane abu.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi a kan dandamali ba, wato wa ke ɗaukar nauyin ƙayyade diyya. Dokar ba ta taɓa asarar albashi ko kuɗin magani, raɗaɗi da wahala kawai take ƙayyadewa. Lauyan mai ƙara a Amurka ba ya karɓar kuɗi sai an ci shari'a, sannan ya ɗauki kimanin sulusi ko fiye, kuma shi ke biyan ƙwararrun shaidu daga aljihunsa kafin nan. A ce mutum biyu sun shigo ofishinsa da rauni iri ɗaya: injiniya ɗan shekara arba'in da tsohuwa mai ritaya. Na farko yana da albashin shekara ashirin da biyar da za a lissafa masa. Tsohuwar ba ta da albashi, ban da kuɗin magani iyakar abin da za a samu shi ne dala 250,000, a cire kuɗin shari'a a cire rabon lauya, ga kuma yiwuwar a faɗi. Lauyan zai yi mata jaje ya raka ta ƙofa. Saboda haka raguwar ƙararraki bayan irin wannan doka ba duka banza ce ta ragu ba, har da na yara da tsofaffi da matan gida. Kotunan ƙoli na jihohin Illinois da Jojiya sun rushe irin wannan iyaka a 2010, ta Florida ma ta bi baya a 2014 da 2017.

Gyaran da ya fi ba ni sha'awa ba ya samun tafi a zauren muhawara, domin babu wanda yake kayarwa. Tun wajen 2001 asibitocin Jami'ar Michigan suka fara bincikar kuskurensu da kansu, su gaya wa majinyaci gaskiya, su ba shi haƙuri, su yi masa tayin diyya tun kafin ya nemi lauya, inda kuma suka ga ba su yi kuskure ba su tsaya su kare likitansu. Nazarin da aka buga a 2010 ya nuna ƙararraki sun ragu, lokacin sasantawa ya gajarta, kuɗin shari'a ma ya sauka. Ƙasar New Zealand kuwa tun 1974 ta maye gurbin ƙarar rauni da asusun gwamnati da ke biyan wanda ya ji rauni ba tare da an kai kowa kotu ba.

Ita kuma Kalifoniya, wadda ta fara shahara da iyakar dala 250,000 a 1975 da sa hannun Gwamna Jerry Brown, ɗan Dimokrat, ta bar adadin yadda yake har shekara 47, alhali da an bi hauhawar farashi da ya haura dala miliyan ɗaya. A 2014 an kai batun ɗaga ta gaban masu zaɓe, suka ƙi. A 2022, ana shirin sake kai shi akwatin zaɓe, likitoci da lauyoyi da kamfanonin inshora suka zauna suka daidaita, majalisar jihar ta mayar da yarjejeniyar doka: daga 2023 iyakar ta koma dala 350,000 ga wanda ya ji rauni da 500,000 idan an rasa rai, kuma za ta riƙa hawa kowace shekara har ta kai 750,000 da miliyan ɗaya cikin shekara goma.